Sunana Bello, kuma na je Italiya

Sunana na yanka Muhammadu, amma tun ina rarrafe ba wanda yake kirana da shi. Bello ake ce mini, kamar dubban Muhammadu a ƙasar Hausa, albarkacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu. Shekara arba'in da ɗoriya ina ɗauke da sunan nan bai taɓa ja mini magana ba, sai da kamfanin jimar fata da nake wa aiki a Kano ya sayi sababbin injina, aka ce in je Italiya in yi kwana tamanin in koyi yadda ake sarrafa su.

Garin da aka tura ni sunansa Santa Croce sull'Arno, a lardin Pisa, yankin Toskana, tsakanin Pisa da Firenze. Garin majema ne. Tun kafin direba ya ce mun iso hancina ya riga ya gaya mini, don warin nan na Sharaɗa da Challawa ne sak, sai dai nasu ya sha sanyi.

Washegari da sassafe na shiga wani shago kusa da masaukina. A ƙofar an rubuta bar, na daɗe ina kai-kawo a waje ina tsoron kada in faɗa gidan giya tun ranar farko, sai na ga mutane suna ta shiga da kayan aiki suna shan gahawa a tsaye suna fita. Ashe nan ne teburin mai shayinsu. Ina sa ƙafa, mai shagon, wani dattijo mai ƙaton gashin baki, ya ɗago kai ya ce, "Ciao bello, dimmi!"

Na tsaya cak. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, bai taɓa ganina ba, amma ga shi ya kama sunana raɗau, har da nauyin lam ɗin nan biyu, yadda ko wasu mutanen Legas ba sa iya faɗa. Na ce a raina lallai kamfani ya yi ƙoƙari, har mai shayi an sanar da shi zuwana. Na dafa ƙirji na rusuna kaɗan, na nuna gahawa da yatsa.

Da rana na je sayen lemo da ayaba. Matar da ke sayarwa ta miƙo mini canji ta ce, "Ciao bello, grazie." Da yamma wani mai gyaran keke da na tambaya hanya shi ma ya sallame ni da hakan. Daren nan na kira maigidana a Kano na ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Ban san wa kuka yi wa magana ba, amma garin nan kaf sun san da ni." Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "To, madalla, ka dai riƙe mutunci." Shi ma bai so ya ce ba shi ya yi ba.

Kwana huɗu na yi ina tafiya ina buɗa kafaɗa. Ranar Lahadi da la'asar, lokacin da duk gari ke fitowa shan iska, ina tafe a bakin kogin Arno sai na ji wata tsohuwa daga can tana ƙwala kira: "Bello! Vieni qua, bello!" tana tafa hannu. Mu ba a yi mana tarbiyyar tsohuwa ta kira ka ka yi kunnen uwar shegu ba. Na ɗaga ƙafa na nufe ta da sauri, ina cewa "Na'am, na'am." Ni da wani ƙaton kare mai gashi kamar tunkiyar Uda muka isa gabanta lokaci guda. Ta duƙa ta rungume shi tana sumbatar goshinsa tana "bello, bello mio", sannan ta ɗago ta dube ni, ni ma na dube ta, karen ma ya dube ni. Cikin mu uku shi kaɗai ne bai ji kunya ba.

Wanda ya warware mini zaren wani Bahaushen Gana ne, ɗan Zangon Kumasi, da ya shekara goma sha biyar yana aiki a majemar. Da na ba shi labari sai da ya ajiye fatar da ke hannunsa ya zauna a kan durom, don dariya ta hana shi tsayuwa. Da ya farfaɗo ya ce, "Malam Bello, ba wanda ya san ka a garin nan. Bello da yarensu shi ne kyakkyawa. Kare ma bello ne, mota ma, ruwan sama in ya ɗauke ma sai su ce che bello, wato kai, abin ya yi kyau."

Nan ne na tuna abin da ya faru ranar da na fara shiga aiki. An koya mini cewa in ka sha hannu da mutum sai ka ce piacere, wato na ji daɗin saninka, ka bi da sunanka. Na bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, mutum goma sha biyu, ina cewa "Piacere, Bello." Ga wasu ma na ƙara gishiri na ce "Sono Bello." Fassarar wannan ba ta da kwana-kwana: ni kyakkyawa ne. Shugaban ma'aikata, wani gajere mai sanƙo, ya riƙe hannuna ya ƙare mini kallo daga hula har takalmi ya ce, "E io sono ricco." Kowa ya fashe da dariya, ni ma na taya su. Sai yanzu Ɗan Kumasi ya fassara mini: cewa ya yi, ni kuma attajiri ne.

Maganin wannan, ga duk wani Bello da zai bi sawuna, shi ne kada ka ce sono. Ka ce "Mi chiamo Bello", sunana Bello, ka yi maza ka ƙara da "è il mio nome", wato ainihin sunana ke nan. Za a yi murmushi duk da haka, kuma cikin mutum uku ɗaya zai ce maka "Bello di nome e di fatto", Bello a suna, Bello a zahiri. Wannan karin maganarsu ce, suna yi wa duk wanda sunansa ke da ma'ana. Ka ce grazie, wato na gode, ka wuce, kada ka ɗauka da gaske.

Daga ranar na ɗaura ɗamarar sanin kalmomin nan biyu ciki da bai, tunda su suka kayar da ni.

Ta farko, ciao. Mu Hausawa mun fi Bature sa'a a nan, don harafin c namu na "ci" da "cokali" shi ne nasu idan i ko e ta biyo baya. Ita i ɗin da ke cikin ciao ba a furta ta, aikinta kawai ta nuna cewa c ɗin irin tamu ce. Saboda haka "caw" za ka ce, ka ɗan ja ta, ba "siya'o" ba kamar yadda na karanta a jikin wata jaka a filin jirgi. In kuma ka ga ch a rubutunsu, k ce: chiamo "kiyamo" ne. Ana faɗin ciao a haɗuwa, ana faɗinta a rabuwa, kalma ɗaya tana aikin "sannu" da "sai an jima". In suna waya kuwa ba sa ajiyewa da guda ɗaya, sai ka ji "ciao, ciao, ciao-ciao-ciao" murya tana ƙanƙancewa har ta ɓace, kamar mai kiran kaji.

Asalinta ne ya fi ba ni mamaki. Daga yaren mutanen Venezia ta fito, garin nan da ke kan ruwa. Can a da, in mutum zai gaida wani da girmamawa sai ya ce s-ciao vostro, wato ni bawanka ne. Kalmar ta samo tushe daga sclavus ta Latin, bawa, wadda ita kuma daga sunan al'ummar Slav ta gabashin Turai aka ciro ta, saboda yawan waɗanda aka bautar daga cikinsu a tsakiyar zamani. A hankali vostro ta faɗi, bakin mutane ya goge sauran, ta bazu a arewacin ƙasar a ƙarni na 19, ta game Italiya duka a ƙarni na 20. Mutanen Ostiriya da kudancin Jamus suna da irinta, servus, ita ma bawa take nufi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda kalmar da aka fara ta da durƙuso ta koma gaisuwar da ba a yi wa manya. Kamar a ce nan da shekara ɗari biyu "ranka ya daɗe" ta zama abin da yara ke ce wa juna a filin ƙwallo, har in ka faɗa wa hakimi a ce ka yi rashin kunya.

Ta biyu, bello. Wutsiyarta ce ke juyawa: namiji ɗaya bello, mace ɗaya bella, maza ko gaurayen maza da mata belli, mata zalla belle. Ɗan Kumasi ne ya koya mini wannan, kuma a nan aka samu matsala, don Hausarsu ta Zango ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Sai ya ce, "In mace ne, ka ce masa bella. In namiji ne, ka ce masa bello. Kamar matana, in ya zo sai in ce masa ciao bella." Na fita daga darasin nan kaina ya fi na shiga ruɗewa. Washegari na ce wa direban babbar motar da ke kawo gishiri, ƙato mai gemu har ƙirji da zane a dantse, "Ciao bella." Ya sauko daga mota a hankali, ya zo ya dafa kafaɗata, ya nuna gemunsa ya ce, "Bell-O." Sai da na maimaita sau uku ya sake ni.

Akwai kuma lam ɗin nan biyu. Dole ka danna ta, kamar bambancin "baba" da "babba" a wurinmu. In ka sassauta ka ce bela, ka ce tunkiya tana kuka. Wannan dai bai ba ni wahala ba, tunda da shi aka yi mini suna.

To, zuwa mako na uku na ga na ƙware. Da ma an ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ina shiga bar in ce ciao bello, a amsa. Matar mai lemo in ce ciao bella, ta yi dariya ta ƙara mini ɗaya. Na ɗauka na samu mabuɗin da ke buɗe kowace ƙofa a ƙasar.

Wata Juma'a, wajen ƙarfe uku na rana, ina tsaye a gaban injin da ke aske bayan fata ya daidaita kaurinta, sai ƙofa ta buɗe. Mai kamfanin ya shigo da baƙi biyu masu sayen kaya, a gabansu kuma wata tsohuwa 'yar siririya, ta haura saba'in, gashi fari fat an gyara shi tsaf, da tabarau a rataye da sarƙa. Na lura duk ma'aikata sun miƙe, har shugaba mai sanƙo ya cire hularsa. Wannan kaɗai ya isa ya ankarar da mai hankali. Ni kuwa sai na ga dama ce ta in nuna wa maigida cewa kuɗin da aka kashe a kaina bai tafi a banza ba. Na kashe injin, don kowa ya ji da kyau, na ɗaga hannu sama na ce da ƙarfi, "Ciao bella!"

Ban taɓa sanin majema tana iya yin shiru haka ba. Har ɗigar ruwa daga durom ana ji. Tsohuwar ta ɗauki tabarau ta ɗora a hanci, ta dube ni tsawon lokacin da za a karanta Fatiha, sannan ta ce, "Buonasera." Ta ɗan dakata ta ƙara da, "Ci conosciamo?" Wato, mun san juna ne?

Mahaifiyar mai kamfanin ce. Ita da marigayi mijinta suka kafa wurin, kuma har yau ba a sa hannu a babbar takarda sai ta gani.

Ɗan Kumasi ya ja ni bayan tarin fatu ya lissafa mini laifuffukana da yatsu. Na ɗaya, Italiyanci yana da "kai" iri biyu. Akwai tu na abokai, 'yan uwa, yara da tsararraki. Akwai Lei na manya, baƙi, likita, malami, ma'aikacin ofis da duk wanda ba ku saba ba, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Ciao ta gidan tu ce kawai. Wanda kake ce wa Lei, gaisuwarsa buongiorno da safe, buonasera da yamma, in za ku rabu arrivederci, in kana son ka ƙure ladabi arrivederla. A Toskana da zarar an ci abincin rana an shiga buonasera, ko da rana tana tsakar ka. A wasu yankunan sai wajen ƙarfe huɗu ko biyar. Buonanotte kuwa sai za a kwanta, ba a shiga wuri da ita. In ka rasa gane matsayin mutum, akwai salve, wadda ke tsaka-tsaki, ba ta zafi ba ta sanyi. Kuma ba ƙarami ne ke sauko da magana daga Lei zuwa tu ba. Babba ne zai ce diamoci del tu, mu riƙa ce wa juna kai, sannan ƙofar ciao ta buɗe.

Na biyu, bella. Kalmar tana gangarowa ne daga sama zuwa ƙasa, ko ta tafi a kwance tsakanin waɗanda suka saba. Mai shago zai ce wa abokin cinikinsa bello, tsohuwa za ta ce wa yarinya bella, ƙawaye mata suna ce wa juna, miji yana ce wa matarsa. A bakin waɗannan ba ta wuce "ɗan uwa" ko "'yar gari" ba, ba wanda ke duba fuska kafin ya faɗa. Amma namiji ya jefa wa macen da bai sani ba, a titi ko a wurin aiki, wannan ya zama tsokana irin ta zauna-gari-banza, kuma mata da yawa suna jin haushinta ƙwarai. Abin da ya kamata in ce shi ne "Buonasera, signora." In mace ce mai digiri a ofis, dottoressa ake ce mata, don a can duk wanda ya gama jami'a dottore ne, ko bai taɓa riƙe allura ba.

Ya ce, "Ka san abin da ka yi? Kamar ka shiga gidan Alhajinku, ka tarar da Hajiya babba a kan darduma da carbi, ka ɗaga mata hannu ka ce, ya dai 'yan mata?"

Gwiwoyina suka yi sanyi. Na ce to yanzu mene ne abin yi? Ya ce in je in ba da haƙuri. Na tsaya a bakin ofis har ta fito, na cire hula, na rusuna na ce, "Scusa, signora." Ta ɗaga gira ɗaya ta wuce. Na waiwaya na ga Ɗan Kumasi ya ɗora hannu biyu a ka. Ashe ban haƙurin ma kala biyu ne: scusa na tu, scusi na Lei. Wato na je wanke laifi na sake tsoma ƙafa a cikinsa. Kuma abin haushin, kunnen mai koyo yana ɗaukar scusi ce ta raini, alhali ita ce ta girmamawa. Daren nan na rubuta "Mi scusi, signora" a tafin hannuna da biro. Sai Juma'ar da ta biyo na samu na isar da ita daidai, gumi yana neman goge rubutun. Ta gyaɗa kai sau ɗaya ta ce, "Va bene." Wato ba komai.

Na ɗauka an gama. Ashe babbar shari'ar tana Kano.

Wata Asabar ina zaune a bar ɗin nan ina waya ta bidiyo da uwargida. 'Yar mai shagon, wadda ke karɓar kuɗi, ta tashi daga aiki, ta biyo ta bayana da jakarta, ta ɗaga hannu ta ce, "Ciao bello, a domani!" Wato sai gobe. Fuskarta ta gifta a allon wayar daƙiƙa ɗaya tak. Daƙiƙar nan ta isa.

"Baban Amira, wace ce wannan?"

Na ce 'yar mai shayi ce.

"'Yar mai shayi. Ni shekara goma sha shida ina gidanka ban taɓa kama sunanka ba, ko a bayan idonka. Ka je wata biyu, har 'yar mai shayi tana kiranka gatsal, tana yi maka sai gobe?"

Nan ne ilimina ya cuce ni. Na gyara zama irin na malami na ce, "A'a, kin ga inda ba ki gane ba. Ba sunana ta kira ba sam. Da yarensu, kyakkyawa ta ce."

Na ji abin da na faɗa bayan ya riga ya fita. Allon ya yi baƙi. Na kira sau tara ba a ɗaga ba. Sai da na haɗa ta da matar Ɗan Kumasi, ita kuma ta rantse mata cewa yarinyar haka take ce wa kowa, har da mai kwasar shara da karen maƙwabta, sannan aka fara amsa sallamata. Ban ji daɗin jerin da aka sa ni a ciki ba, amma ban ce uffan ba.

Ranar da zan taho na bi kowa na yi sallama, kowa da irin tasa: ma'aikata ciao, mai kamfani arrivederci, tsohuwa kuwa na tsaya nesa kaɗan na ce, "Arrivederla, signora." Ta miƙo hannu, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Arrivederci, signor Bello. Bello di nome..." Na tsaya ina jiran ragowar karin maganar. Ta juya ta shige ofis.

Yanzu wata biyar ke nan da dawowata. Injinan suna aiki lafiya. A gida ne aka samu canji. Duk safiyar da kuɗin cefane bai cika ba, sai in ji daga ƙofar kicin an ce, "Caw Bello." Ran nan har a gaban Inna ta faɗa. Inna ta ajiye kofin kunu ta ce, "Ke, sunan mijin naki kike kamawa haka?" Ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce, "Wane ni, Inna. Italiyanci nake yi masa, shi ya koya mini." Na ƙara dubu biyu na fita.